Ruwan da Hajjo Ta Ba Baƙi

Safana,
24 ga Satumba

Zuwa ga uwargijiyata Hajjo, matar Mai Unguwa Muntaka, Garin Jinjiri ta Wagini.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda jikan mace ke yi wa jikar namiji, ina fatan kina lafiya, da Mai Unguwa, da surukarki Turai, da yara. Yaya ƙarshen damina? Yaya zaman ɗar-ɗar? Mu nan Safana lafiya lau, sai tsadar hatsi da ta sa matata Kamila ta koyi tuƙa tuwo da taka-tsantsan. Tana gaishe ki ƙwarai.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke layin waya a yankinmu saboda mutanen daji, wayata ta koma fitila. Shi ya sa na ba Ɗanmaraya mai a-kori-kura, tunda yana bi ta Wagini duk ranar kasuwa. Na san rabona da ke tun rasuwar kakata Marka, na kuma san za ki ce bawanki ba ya tuna dangi sai da dalili. To dalilin ne, amma mai daɗi.

An sa ni magatakarda a wani kwamiti da ke tattara sunayen garuruwan Safana da Batsari masu buƙatar ruwan sha. Ga yadda abin yake, don ki yi wa Mai Unguwa bayani. Akwai kuɗin da gwamnatin sama ta ware don haƙa rijiyoyin burtsatse, za a raba wa jihohi. Kada ki ɗauka watanda ce da kowa zai ɗauki kashi daidai da na ɗan'uwansa. Jihar da ta nuna mutanenta sun fi yawa cikin rashin ruwa mai tsabta, kasonta ya fi tsoka, muddin ita ma ta zuba nata a ciki. Daga nan jiha ta raba wa ƙananan hukumomi, su kuma a bi gari-gari. Ba a yarda da faɗar baki, sai an zo an gani, an ɗebi ruwa an gwada, an rubuta. Jihar da ba ta kai takardunta kafin ƙarshen Nuwamba ba kuwa, sauran jihohi su cinye rabonta.

Sunan Garin Jinjiri ya shiga cikin waɗanda za a duba. Tsakiyar Oktoba masu dubawa za su zo muku, shugabarsu wata Malama Khairiyya, mai gwajin ruwa. Don Allah ku karɓe su da kyau, kada ku ba ni kunya.

Naki,
Badamasi

Garin Jinjiri,
15 ga Oktoba

Zuwa ga bawana Badamasi, ɗan boko.

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai godiya. Maigida yana amsawa, Turai tana amsawa. Ka gaida Kamila, ka ce ta riƙa ba ka abinci, don na ji an ce ka rame kamar sillen kara. Da hannuna na rubuta wannan, ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba. In ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi, aikinku ne.

Ranar da takardarka ta zo na rangaɗa guɗa har maƙwabciyata Godiya ta shigo a guje, ta ɗauka haihuwa aka yi. Kai ba za ka gane ba, kai mai famfo a ƙofar gida. Rijiyar bakin masallaci ta ƙafe yau shekara uku. Tun daga nan sai ƙoramar bakin daji, tafiyar da in mace ta fita da hantsi sai azahar. Can shanu ke sha, can muke ɗiba, can kuma mutanen daji ke ratsawa da baburansu. Kullum Turai ta ɗauki jarka, raina ba ya kwanciya sai na ji sallamarta.

Ka ce kada mu ba ka kunya. To ka tambaya ka ji! Na sa an share gari tun daga gindin tsamiya har ƙofar gidanmu. Na sa maza sun shafe bakin rijiyar masallaci da farar ƙasa, an rataya mata sabon guga, don kada baƙi su ce mu sakarkaru ne masu barin rijiya ta lalace. Yara kuwa duk kayan sallah.

Sai maganar ruwa. Badamasi, ni Hajjo jikar Ɗanjummai in miƙa wa baƙuwa ruwan nan namu mai kamar kunu? Ko an sa masa alif sai ya yi warin shanu. Allah ya kiyaye! Na kama zakarana na ba Ɗanmaraya ya sayar, ya kawo mini ruwan leda daga Batsari. Na turara sabuwar randa, ni da Turai muka zauna muna farke leda muna juyewa, ledojin kuma na cusa su a murhu. Ruwa ya kwana ya yi sanyi, ƙamshi sai wanda ya ji.

Jiya suka zo. Malama Khairiyyar nan yarinya ce mai hankali, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni. Na kawo mata ruwa a kwanon sha, ta sha, ta ƙara. Ta ce, “Mama, wannan ne ruwan da kuke sha kullum?” Na ce, “Shi ne, 'yar nan, Allah ke ba mu.” To me zan ce? In tona wa garinmu asiri a gaban baƙi? Ta ciro wata 'yar kwalba ta cika daga randar, ta rubuta suna a jiki. Ta ɗauki hoton rijiyar masallaci. Jami'an da suka rako su suka ce kada a yi yamma a hanya, saboda haka ana yin azahar suka juya. Na ba ta ƙullin gyaɗa.

Ka ga dai na fitar da kai kunya. Yanzu sai ka faɗa mini ranar da motar haƙa za ta zo, don in san yawan tuwon da za a tuƙa.

Uwargijiyarka,
Hajjo

Safana,
23 ga Oktoba

Yaya Hajjo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya. Ki yi haƙuri da gajartar gaisuwa, yau ba ni da bakin wasa.

Takardarki ta same ni a ofis rana ɗaya da sakamakon gwaji. Sakamakon na fara gani, na ce lallai an musanya kwalba, don ya nuna ruwan Garin Jinjiri ya fi na sakatariyarmu tsabta. Ina shirin in je in yi gardama sai na buɗe takardarki. Na karanta ta sau uku. Na cire hula na ajiye a kan tebur, na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An rubuta ku cikin garuruwa masu rijiya mai rai da ruwa mai kyau. Ga hoton rijiya fara fat da sabon guga, ga sakamako. Cikin jerin Batsari ku ne na ƙarshe, kuma kason da ake sa ran samu ba zai kai ko rabin jerin ba. Yaya, wannan rabo ba na wanda ya fi iya karɓar baƙo ba ne, na wanda ya fi shan wahala ne. Kun je gaban likita da ciwo kun ce masa lafiyarku lau.

Kada ki ce in gyara. Ni magatakarda ne, abin da aka rubuta ba ni da ikon taɓa shi, kuma in na taɓa, sai a zargi duk jerin, a jawo wa wasu garuruwan asara. Hanya ɗaya ce na gani. Mai Unguwa ya rubuto wa kwamiti takarda da sa hannunsa, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru: rijiya matacciya ce, ruwan randa na leda ne. In kwamiti ya karɓa, in kuma Malama Khairiyya ta yarda ta sake taka hanyar nan, sai a sake ɗiba. Ban yi miki alkawari ba. Mako biyar ya rage a rufe.

Badamasi

Garin Jinjiri,
29 ga Oktoba

Badamasi,

Salamu alaikum. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Wa ya rubuta “kada ku ba ni kunya”? Ni ce? Ka zauna a ofis ka rubuta mini dogon bayani na jihohi da kaso da tsoka, amma ka kasa ƙara layi ɗaya ka ce, “Hajjo, ki nuna musu wahalarku”? Kai ba a gidan Marka ka tashi ba? Ka taɓa ganin an ba baƙo abin da ya fi muni a gida? Kakana Ɗanjummai ya taɓa yanka akuyarsa guda ɗaya tal don wani fatake da bai san sunansa ba, 'yar'uwarsa kakarka ce ta dafa. Haka aka haife mu, yanzu kuma a ce laifi ne. Haba!

To na faɗa, na huce. Gaskiya dai kwana biyu ban iya cin abinci ba. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma ba idona kaɗai ba, na gari duka.

Na karanta wa Maigida takardarka. Yana gama ji ya tara dattawa a zaure. Kafin la'asar magana ta zagaye gari. Godiya ta shigo ta tsaya a tsakar gida, ba ta ko zauna ba. Ta ce, “Hajjo, ruwan ledanki kwana biyu ya yi ya ƙare. Mu kuma fa, shekara nawa kika ƙara mana?” Gaskiya kuwa ta faɗa. Shekararmu talatin muna maƙwabtaka, ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba sai ranar.

Dattawa kuwa suka tubure. Wai a rubuta wa hukuma, da sunan gari, cewa mutanen Garin Jinjiri sun yi ƙarya? Wani ya ce gara a haƙura da rijiyar, Allah zai kawo wata. Ina bayan zana ina ji. Na ce a raina, eh mana, ai ba kai ke ɗaukar jarka ba. Ban san lokacin da na ja mayafi na leƙa zaure ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Na ce, “Ku gafarce ni, iyayena. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada a sa sunan gari, a sa nawa. A rubuta Hajjo ce ta sayo ruwa, Hajjo ce ta sa aka shafe rijiya, Hajjo ce aka tambaya ta ce shi muke sha.” Liman ya ce in dai haka ne shi ma a sa sunansa, don shi ya rataya gugan. Maigida ya dube ni ya ce, “Kin yarda a karanta wannan a gaban mutane a Safana?” Na ce ko a kasuwar Batsari.

Ga takardar nan a ciki, da sa hannunsa da na Liman. Ka kai ta da ƙafarka. Kuma in za su yi dariya, su yi, amma kada ka faɗa mini.

Hajjo

Garin Jinjiri,
14 ga Nuwamba

Badamasi ɗan'uwana,

Salamu alaikum. Lafiya kuwa? Yau kwana goma sha shida ba amsa. Ɗanmaraya ma ba mu ƙara ganin ƙurar motarsa ba. Wannan wani mai kai wake Safana na roƙa ya kawo maka.

In maganar da na yaɓa maka ce ta ɓata maka rai, na janye. Bakina ne, ka san shi tun kana yaro. In kuma kwamiti ne ya ƙi kake jin nauyin faɗa mini, ka faɗa, na fi son in sani.

Shekaranjiya mata suna tsakiyar ɗiba a ƙorama sai ga babura sun ɓullo ta tsallake. Kowa ta watsar da jarka ta ranta a na kare. Duk suka iso gida ban da Turai. Badamasi, tun azahar har la'asar sakaliya ina tsaye a bakin gari ina duban hanya. Ashe cikin gonar dawa ta kwanta, ta ƙi motsi sai da ta daina jin ƙarar injin. Ta dawo ba takalmi, ƙaya duk ta farfasa mata ƙafa, amma ta dawo. Alhamdu lillahi.

Washegari kuma suka koma, da 'yan sa-kai biyu a gaba. To ya za a yi, a zauna da ƙishirwa? Da wani abu ya sami yarinyar nan, ban san da wane ido zan dubi ɗana ba. Ka amsa mini don Allah.

Hajjo

Safana,
17 ga Nuwamba

Uwargijiyata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Allah ya tsare Turai. Ki duba mini ita da jiki, Kamila ma tana yi mata sannu.

Wane irin fushi? Yaushe bawa ya sami bakin yin fushi da uwargijiyarsa? Kuma gaskiyarki ce, layin nan na “kada ku ba ni kunya” ni na rubuta shi, rabin laifin nawa ne. Tun uku ga wata na amsa miki, ashe takardar tana aljihun Ɗanmaraya, shi kuma motarsa tana jingine a tasha don rashin mai. Wannan mai waken naki zan ba.

Kin ce kada in faɗa miki in an yi dariya, to ba zan faɗa ba. Abin da zan faɗa shi ne, da na gama karanta takardar Mai Unguwa shugaban kwamiti ya ce an riga an rufe jerin Batsari, kuma ba zai sake tura ma'aikata hanyar Wagini ba. Na ɗauka shi ke nan. Sai Malama Khairiyya ta nemi izinin magana. Ta ce ita ma 'yar ƙauye ce, kuma da uwarta ce a gidan nan, abin da za ta yi ke nan, har ta fi. Ta ce sakacinta ne da ta ɗebi ruwa a randar baƙi ba ta je inda ake ɗibowa ba. Ta ce in jiha za ta nemi kasonta da sunan marasa ruwa, ba daidai ba ne a bar waɗanda kunya ta hana su faɗa. An yi ta ja-in-ja har kusan la'asar, daga ƙarshe aka yarda, aka nemi rakiya.

Ranar Litinin, ashirin da biyu ga wata, za ta zo. Yaya Hajjo, ina roƙon ki da girman Allah: kada a share ko tsinke. Kada a yi wa yaro wanka na musamman. A cire gugan nan. Wannan karon ku ba ni kunya, iyakar iyawarku.

Bawanki,
Badamasi

Garin Jinjiri,
24 ga Nuwamba

Bawana,

Salamu alaikum. Lafiya lau, ƙafar Turai ta warke har ta koma aiki. Ka gaida Kamila.

Malama Khairiyya ta zo. Kuma na ba ka kunya yadda ka roƙa, har sai da na ji kamar in nutse. Na ga awaki sun watsa ƙaiƙayi a ƙofar gida, hannuna ya kai ga tsintsiya, Godiya ta fizge ta ta ɓoye a ɗakinta. Eh, mun shirya, ita ta fara aiko mini da miya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne ruwa. Baƙuwa ta yi sallama, ta shigo, na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa. To sai me? Ai sai ruwa. Ba a barin baƙo ya zauna ba a kawo masa ruwa ba, ko a gidan makoki. Na tsaya a gaban randarmu ta kullum na rasa yadda zan yi. Na ɗiba a kwanon sha, na duba, ja wur, har da ɗan tsaki yana yawo a kai. Wallahi Badamasi, na haihu bakwai, na binne biyu, amma takun nan daga randa zuwa tabarma ya yi mini nisa. Na durƙusa na miƙa mata, idona a ƙasa.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta yi bismilla. Na ɗaga ido sai na ga ta kai baki da gaske! Na fizge kwanon har ya zube mata a zane, na ce, “Ke 'yar nan, kada ki sha, zai kwantar da ke!” Ta dube ni ta ce, “Mama, ni kike tsoron ya kwantar? Ai ku da jikokinki shi kuke sha kullum.” Nan na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya, a gaban baƙuwa. Ita ma na ga tana goge ido da bakin gyale.

Daga nan aka tafi ƙorama, jami'ai a gaba, 'yan sa-kai a baya. An ce in zauna, na ce ni na ɓata, ni zan kai ta. Ta ga sawun shanu, ta ga ramukan da muke tonawa a yashi, ta ga jarkar Turai da aka tattake ranar nan, har yanzu tana wurin. Ta cika kwalba uku. Da muka dawo ta sa aka buɗe rijiyar masallaci, Liman ya jefa dutse, muka ji ya faɗi tim a kan busasshiyar ƙasa. Ta rubuta.

Da za ta tafi na ce ko gyaɗa ba zan ba ta ba, kada a ce muna da wadata. Ta yi dariya ta ce gyaɗa ba ta cikin takarda. To na ba ta.

Yanzu sai abin da Allah ya yi. Amma na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

Hajjo

Safana,
11 ga Disamba

Uwargijiyata, jikar Ɗanjummai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri ga Mai Unguwa da Liman da kowa da kowa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Sakamakon ƙorama ya fito saura kwana uku a rufe. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce tun da ya fara aiki bai ga ruwan da ya kai wannan muni ba, ni kuwa ban taɓa jin daɗin mummunan labari irin na ranar ba. An gyara jerin, Garin Jinjiri ta koma ta huɗu a Batsari. Takardun jiha sun tafi a kan lokaci, kuma jiya aka sanar da mu cewa kasonmu ya fito. Bai kai yadda aka roƙa ba, wasu jihohin sun fi mu, garuruwa da yawa za su jira wani zagayen, abin ba daɗi. Amma na farko-farko sun tsira, kuna ciki. Rijiyar burtsatse ce mai sola da tanki.

Saboda ke kuma kwamiti ya kafa doka: daga yau ba a ƙara ɗibar ruwan gwaji a randar gidan mai unguwa. An ce akwai wasu garuruwa biyu da za a sake dubawa, don su ma ruwansu ya yi kyau fiye da kima. Ashe ba ke kaɗai ba ce.

Sai a yi haƙuri, aikin haƙa sai bayan sabuwar shekara. Kafin nan kada mata su je ƙorama ba rakiya.

Bawanki,
Badamasi

Garin Jinjiri,
9 ga Afrilu

Badamasi,

Salamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya ibada? Yaya zafi? Muna lafiya ƙalau. Na san layi ya dawo, amma a nan sai an hau tudun bayan gari ake samu, kuma ni ba zan tsaya a kan tudu ina ihu da labari irin wannan ba.

Wata huɗun nan na ji su a jikina. Sau biyu ana cewa mota na tafe ba ta zo ba, har na fara zargin ko ka ruɗe ni ne don in yi shiru. Sai ga ta ana saura mako biyu azumi. Kwana uku suna haƙa, ba abin da ke fitowa sai garin dutse. Dattijon nan da ya ce a haƙura da rijiya har ya fara gyaran murya. Rana ta huɗu da hantsi ina tankaɗe, sai na ji gari ya ɗauki ihu. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, mutanen daji. Na fito ba mayafi, sai na ga ruwa yana feshi sama ya fi tsayin zaure, maza manya da gemu suna tsalle a cikin laka. Liman ya yi sujada a wurin, Godiya ta durƙusa tana waƙar cocinsu, ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa.

Shekaranjiya aka gama ɗora tanki, aka buɗe famfo. Taku arba'in ne daga ƙofar gidanmu. Turai ta je ta dawo, ta sake komawa, wai ta kasa yarda an gama. Yanzu ba wadda ta ƙara taka hanyar ƙorama. Na yi barci, Badamasi, barcin rana har da minshari, in ji su.

Bari in faɗa maka abu ɗaya kafin mai kai takarda ya gaji da jira. Jikata Lantana, 'yar Turai, ba ta cika shekara uku ba. Jiya da azahar ta zo tana kukan ƙishirwa. Na ɗebo mata a kwanon sha, cike har baki, na miƙa mata. Ta leƙa, ta ga gindin kwano tar, ta ture hannuna ta ƙara ƙarfin kuka. Ta ce, “Kaka, babu komai. Ki zuba mini ruwa.”

Sai da na kama ɗan yatsanta na tsoma a ciki, sannan ta yi shiru. Ta daɗe tana kallo. Ta sha, ta ɗago ta dube ni, ta sake kafa kai har ta shanye.

Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuriya. Ka gaida Malama Khairiyya.

Uwargijiyarka,
Hajjo